Shin doka na iya kankare zanen dutse?

Da asubahin ranar Lahadi, 3 ga Satumban 1967, ƙarfe biyar saura minti goma, duk motar da ke kan titi a ƙasar Suwidin ta tsaya cak. Direbobi suka karkato a hankali daga hannun hagu zuwa hannun dama, suka sake tsayawa suna jira. Da biyar ta cika aka ba su hannu, kowa ya kama hanya a ɓangaren da bai saba ba tun ranar da ya koyi tuƙi. Abin mamakin shi ne, shekara 12 kafin nan, a 1955, an tambayi 'yan ƙasar ta hanyar ƙuri'ar raba gardama, kusan kashi 83 cikin ɗari suka ce a bar su a hagunsu. Majalisa ta yi biris da su, ta zartar da dokar a 1963, ta ɗebi shekara huɗu ana shiri. Da ranar ta zo, waɗanda suka ce e da waɗanda suka ce a'a duk dama suka koma.

Muna yawan cewa hali zanen dutse, kuma masu wannan magana suna da hujja. Su kuwa masu mulki a ko'ina cikin duniya, da zarar wani abu ya tayar da hankalin jama'a, abin da ke fara zuwa bakinsu shi ne a kafa doka, a tsananta hukunci, kamar takarda da sa hannu sun isa su gyara ɗan Adam. Ni ban gamsu da ko ɗaya daga cikin ɓangarorin ba. Doka tana canza abin da mutane ke aikatawa, wani lokaci ma cikin dare ɗaya. Amma idan aka bi diddigin wuraren da ta yi nasara, za a tarar ba sandar hukuma ce ta yi mafi yawan aikin ba. Babban abin da doka ke yi shi ne ta sanar da kowane mutum abin da sauran mutane za su yi gobe, shi kuma ya gyara zamansa daidai da haka. Inda ta kasa shawo kan mutum cewa maƙwabtansa za su bi, to ko gidan yari nawa aka gina, aikin banza ne.

Direban Suwidin da ya kaɗa ƙuri'ar a'a ba tsoron tara ce ta mayar da shi dama ba. Ya san kowa zai koma, in ya tsaya a hagu gaba da gaba zai yi da mota. Wani zai ce ai wannan misali ya yi sauƙi, tunda babu wanda zuciyarsa ke kwaɗayin tuƙi a hagu. Gaskiya ne. To mu matsa zuwa inda akwai kasala, akwai kuma sha'awa.

A Birtaniya an shafe shekarun 1970 ana talla a talabijin, ana roƙon mutane su riƙa ɗaura bel a mota. Duk da haka waɗanda ke ɗaurawa ba su wuce kusan kashi 40 cikin ɗari ba. Ranar 31 ga Janairun 1983 aka mayar da shi dole ga direba da na gaban mota, nan da nan adadin ya haura kashi 90. Ba a ranar suka gano cewa bel na ceton rai ba, sun daɗe da sani. Ɗaura bel ne ya tashi daga alamar tsoro ko iyayi ya koma abin da kowa ke yi.

Labarin taba a ƙasar Ireland ya fi nuna abin kusa. Ranar 29 ga Maris ɗin 2004 ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta hana shan taba a duk wuraren aiki da ke rufe, har da gidajen abinci da mashaya. Masu mashaya sun yi ta kumfar baki cewa ba zai yiwu ba, wa zai hana mutum busa hayaƙinsa a inda kakanninsa suka busa? An tanadi tara mai nauyi, har Yuro 3,000, amma masu sa ido ba su da yawan da za su tsaya a kowace ƙofa. Da aka zagaya bincike a shekarar farko, sama da kashi 90 na wuraren suna bin dokar. Wa ya tilasta? A kwatanta mutum biyu a teburi ɗaya, ɗaya ya zaro kara ya ƙyasta ashana. Kafin dokar, wanda hayaƙin ke damu shi ne mai jin nauyi: ko ya haɗiye ya yi shiru, ko ya roƙa a yi masa kallon mai tsegumi. Bayan dokar, nauyin ya koma kan mai ashana. Ba sai an yi magana ba, kallo ɗaya ya isa ya tashi ya fita waje. Marasa shan taba sun fi yawa tun da can, kuma da yawansu ba sa son hayaƙin, kowa dai yana zaton shi kaɗai ne. Dokar ta nuna musu junansu.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne labarin ɗaure ƙafar 'yan mata a ƙasar Sin, domin a can an gwada hanyoyin biyu, an ga wadda ta ci. Kusan shekara dubu ana wannan abu. Yarinya tana ƙarama, ba ta kai goma ba, za a lanƙwashe mata yatsun ƙafa zuwa ƙarƙashin tafin, a naɗe da tsumma tamau, a riƙa ƙara matsewa har ƙasusuwan su karye su tafi a haka. Ƙafar da ake yabo ita ce wadda ba ta wuce inci uku ba. Iyayen ba mugaye ba ne, uwar da ke naɗe ƙafar ita ma an naɗe tata, ta san azabar. Amma ta kuma san yarinya mai sakakkiyar ƙafa ba ta samun mijin kirki.

Sarakunan Manchu da suka kama mulki a ƙarni na 17 sun hana. A 1664 aka fitar da umarnin sarki, a ƙasar da maganar sarki yankan wuƙa ce. Bayan 'yan shekaru aka janye shi, saboda babu mai bi. Ka dubi lissafin uba a lokacin: in ya bi sarki ya saki ƙafar 'yarsa alhali maƙwabta ba su saki ba, ya jawo mata zaman gida har tsufa. Jami'in sarki zai zo ya wuce, surukai kuwa suna nan.

Sai a ƙarshen ƙarni na 19 aka samu dabarar da ta yi aiki. Aka fara kafa ƙungiyoyi, irin wadda aka buɗe a Shanghai a 1895, da waɗanda masana 'yan ƙasa kamar Kang Youwei suka jagoranta. Duk wanda ya shiga zai ɗauki alkawari biyu: ba zai ɗaure ƙafar 'yarsa ba, kuma ba zai bar ɗansa ya auri mai ɗaurarriyar ƙafa ba. Alkawari na biyun ne ya kwance ƙullin, domin yanzu uba ya san inda 'yarsa za ta samu miji. Lokacin da sabuwar jamhuriya ta hana abin da doka a 1912, ta tarar da ƙasa ta riga ta jiƙa. Al'adar da ta shekara kusan dubu ta ruguje a yawancin yankuna cikin tsara guda, ko da yake ta ɗan daɗe a ƙauyukan da ke nesa. Kalmomin dokar 1912 ba su fi na 1664 kaifi ba, ita jamhuriyar ma a lokacin ba ta kai sarakunan ƙarfi ba. Mutanen ne suka riga suka ji daga bakin juna.

Wannan ne ya sa idan na ji ana cewa "ai akwai doka a kai", nakan tambaya: doka a ina? Indiya ta haramta dukiyar da iyayen amarya ke bai wa dangin ango tun 1961, har yau ana bayarwa ana karɓa, saboda uban amarya yana cikin irin tarkon da uban yarinyar Sin ya kasance ciki. Ba zai kai ƙarar surukansa ba.

Amurka kuwa ta yi gwaji mafi girma a wannan fanni, kuma duk mai son tsananta doka ya kamata ya san labarin. A 1919 aka yi wa kundin tsarin mulkinta gyara na 18, aka haramta haɗa giya da sayar da ita da safararta, abin ya fara aiki a Janairun 1920. Ana yawan ba da labarin kamar dokar ba ta taɓuka komai ba, wanda ba daidai ba ne. Shan giya ya ragu sosai a shekarun farko, mace-macen ciwon hanta sun yi ƙasa, kuma har aka soke dokar sha bai koma yadda yake a da ba. Wato ta canza halin wasu. Matsalar tana ga miliyoyin da ba su taɓa yarda cewa laifi suke yi ba, kuma suna ganin junansu.

Jami'an da gwamnatin tarayya ta fara ɗauka don wannan aiki kimanin 1,500 ne, a ƙasa mai mutum sama da miliyan 100. Mashaya ta koma bayan fage, ana ƙwanƙwasa ƙofa a faɗi kalmar sirri. Likitoci suka riƙa rubuta wa lafiyayyu barasa a matsayin magani. Masu gonakin inabi suka fito da wani curi na busasshen ruwan inabi, a jikinsa an rubuta gargaɗi wai kada a jiƙa shi a ajiye a tulu na kwana kaza, domin zai zama giya. Kowa ya gane hannunka mai sanda. Masu hali sun riga sun cika ɗakunan ajiyarsu kafin dokar ta fara, kuma abin da ka saya tun da can ba laifi ba ne ka sha a gidanka. Wani mutum mai suna George Cassiday ya shafe kusan shekara goma yana kai wa 'yan majalisar dokoki giya har ofisoshinsu, a 1930 ya fito a jarida ya tona asiri. Talaka yana kallo. Ribar kasuwar ta koma hannun 'yan daba irin su Al Capone na Chicago, wanda a ƙarshe ma ba da laifin giya aka ɗaure shi ba, da ƙin biyan haraji ne, a 1931. 'Yan sanda da alƙalai da dama suka shiga cikin masu cin rabo. A Disamban 1933 aka soke haramcin da gyara na 21, wanda shi ne karo ɗaya tilo da Amurka ta soke wani gyara na kundinta ɗungurum.

Asarar da ta fi giyar da aka sha ita ce darasin da mutanen kirki suka koya cikin waɗannan shekaru 13: cewa ana iya karya doka a yi dariya, kuma jami'i yana da farashi. Masu kafa doka suna ɗauka cewa dokar da ba a aiwatar ba, ko ba ta amfana ba, ai ba ta cutar. Tana cutarwa. Ita ma tana sanar da kowa abin da sauran ke yi, kuma abin da take sanarwa shi ne babu mai bi. Wanda ya saba tsallake ƙaramar doka kullum ba tare da ko harara ba, ranar da ya zo gaban babba ƙafarsa ta riga ta saba.

Duk wanda ya karanta tarihin Musulunci zai tuna an taɓa hana giya a wata al'umma da ita ma ta saba da ita, aka kuma dace. Haramcin bai sauka rana ɗaya ba. An fara da cewa akwai zunubi babba da kuma wasu amfanoni, amma zunubin ya fi. Sannan aka ce kada a kusanci salla cikin maye, wanda ya takure lokutan sha. Sai daga baya, a Suratul Ma'ida, aka ce a nisance shi gaba ɗaya, kuma ruwayoyi sun nuna yadda aka tuntsurar da tuluna har giya ta gudana a lungunan Madina. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yi bayanin hikimar, kamar yadda Bukhari ya ruwaito: da a ce abin da ya fara sauka shi ne kada ku sha giya, da sun ce ba za mu taɓa barin ta ba. An fara gina zukata shekara da shekaru, hukunci ya biyo baya. Kuma ranar da aka zubar, kowa yana ganin ɗan'uwansa yana zubarwa.

Kada a fahimce ni da cewa hukunci ba shi da amfani. Yana da shi, amma ba ta inda masu ihun "a tsananta" suke zato ba. Tun 1764 wani masani ɗan Italiya, Cesare Beccaria, ya rubuta cewa tabbacin kamu ya fi tsananin hukunci hana laifi, kuma binciken masana laifuka na wannan zamani bai ƙaryata shi ba. Mai shirin yin ta'asa ba ya zama ya auna shekara biyar da shekara goma. Abin da yake aunawa shi ne za a kama ni ko ba za a kama ni ba. Ƙara shekarun ɗauri ba ya cin kuɗi, rubutu ne, shi ya sa 'yan siyasa ke son sa. Tabbatar da kamu kuwa yana buƙatar jami'ai masu gaskiya, da kotun da ba ta jan ƙafa, da hukuncin da ba ya tsallake shafaffu da mai.

Akwai wani gwaji da ya faru da kansa a birnin New York wanda ke nuna wannan ƙarara. Jami'an diflomasiyyar da ke wakiltar ƙasashensu a Majalisar Ɗinkin Duniya suna da rigar kariya, ko sun ajiye mota a inda aka hana, aka manna musu takardar tara, babu mai tilasta musu biya. Tsakanin 1997 da 2002 sun tara takardu sama da 150,000 da ba a biya ba, kuɗin ya haura dala miliyan 18. Wasu masana tattalin arziki biyu, Raymond Fisman da Edward Miguel, suka bi takardun ɗaya bayan ɗaya. Suka tarar jami'an wasu ƙasashe, irin su Norway da Denmark da Kanada, kusan ba su da ko ɗaya, alhali su ma babu abin da za a yi musu. Waɗanda suka fito daga ƙasashen da cin hanci ya yi katutu su ne suka fi tarawa. Mai cewa hali zanen dutse zai yi murmushi a nan. To ya dakata. A ƙarshen 2002 hukumomin birnin suka fara cire lambar motar duk jami'in da bashinsa ya taru, sai saɓa dokar ya faɗi da kusan kashi 98 cikin ɗari. Mutanen nan dai su ne, tarbiyyarsu ba ta canza ba. Sannan akwai abu na uku da masanan suka lura da shi, wanda a wurina ya fi sauran nauyi: kafin a fara hukunci, jami'i yana daɗewa a birnin yana ƙara saɓawa, har da na ƙasashen da ake yabo. Sun zo da tarbiyyarsu, suka ga abokan aiki na yi babu abin da ke faruwa, a hankali suka bi sahu.

Wani lokacin kuma hukuncin ne da kansa ke ɓata lamari. A birnin Haifa na Isra'ila an yi gwaji a gidajen rainon yara guda goma, inda iyaye kan makara wajen ɗaukar 'ya'yansu, malama ta zauna jira bayan an tashi. A wasu gidajen aka sa 'yar ƙaramar tara ga duk wanda ya makara. Maimakon makara ta ragu sai ta kusa ninkawa. Da can uba yana sauri ne saboda kunyar malamar da ya tsayar, yanzu kuwa ya biya, ba ya jin an yi masa alfarma. Da aka cire tarar, kunyar ba ta dawo ba. A birnin Meziko kuma, a 1989, don rage hayaƙi aka hana kowace mota fita rana ɗaya a mako bisa lambarta. Masu hali suka sayi mota ta biyu mai wata lamba, galibi tsohuwa mai ƙarin hayaƙi, kuma binciken da aka yi daga baya bai ga iskar birnin ta gyaru ba. Garin neman gira aka rasa ido. Mai rubuta doka yakan manta cewa waɗanda zai yi wa ita suna da wayo kamar shi, kuma sun fi shi lokacin zama su nemi ɓarauniyar hanya.

Yanzu ga ƙalubalen da ya fi ƙarfi a kan duk abin da na faɗa. In doka sai ta jira mutane sun shirya, wa zai ceci wanda ake zalunta a inda masu rinjaye suka yarda da zaluncin? Shin baƙar fatar kudancin Amurka sai su zauna jiran zukatan fararen fata su yi laushi? An faɗa musu haka kuwa, an ce ba a gyara ɗabi'a da doka. Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙar fata, ya ba da amsar da har yau ban ji wadda ta fi ta ba: mai yiwuwa doka ba za ta sa mutum ya so ni ba, amma za ta iya hana shi kashe ni, kuma wannan ma ba ƙaramin abu ba ne.

Na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Inda rai da mutunci suke, ba a jiran kowa. Amma a duba yadda abin ya gudana. A 1954 Kotun Ƙoli ta ce raba makarantu bisa launin fata ya saɓa wa tsarin mulki. Jihohin kudu suka yi kunnen uwar shegu. A 1957 sai da Shugaba Eisenhower ya tura sojoji garin Little Rock don su raka ɗalibai tara shiga aji. Shekara goma bayan hukuncin, yaran baƙar fata da ke zama aji ɗaya da fararen fata a kudu ba su wuce kashi ɗaya zuwa biyu cikin ɗari ba. Abin ya motsa ne bayan dokar 'yancin jama'a ta 1964, wadda ta bai wa gwamnatin tarayya ikon janye kuɗinta daga makarantar da ta ƙi, kuma ita kanta dokar ta zo ne bayan shekaru na zanga-zanga da ƙaurace wa motocin haya da shan duka a gaban kyamara. Gidajen abinci da otal-otal kuwa da yawansu sun buɗe ƙofa da wuri, fiye da yadda aka zata. Mai gidan abincin da a da yake tsoron in ya karɓi baƙar fata shi kaɗai abokan cinikinsa za su koma wurin maƙwabcinsa, yanzu ya san maƙwabcin ma dole ya karɓa, kuma yana da abin faɗa wa mai ƙorafi: ba ni ba ne, doka ce.

Zuciya fa? Ita tafiyarta a hankali ce, amma tana tafiya. A 1958 kamfanin jin ra'ayi na Gallup ya tambayi Amurkawa ko sun amince da aure tsakanin fari da baƙi, kashi 4 cikin ɗari ne suka ce e. A 1967 Kotun Ƙoli ta rushe dokokin da suka haramta irin wannan aure a jihohi 16, lokacin da mafi yawan 'yan ƙasar ba su so. A 2021 masu amincewa sun kai kashi 94. Ba zan ce doka kaɗai ta yi wannan ba, kuma wariya ba ta ƙare a Amurka ba. Amma yaron da ya tashi yana zama benci ɗaya da wanda kakansa ya tsana, da wuya ya gaji tsanar da cikakken ƙarfinta. Sau da yawa ba wanda aka tilasta wa ne ke canzawa ba, ɗansa ne, wanda ya buɗi ido ya tarar haka ake yi.

Saura gwamnatocin da ba ruwansu da yardar kowa, masu ƙarfin da za su leƙa har ɗakin kwana. Su ma suna samun biyayya, tilas ba ta rasa ɗakin kwana, sai dai a tambayi kuɗin da aka biya. A 1966 Nicolae Ceausescu, mai mulkin Romaniya, ya ga haihuwa ta ragu, yana son ƙarin ma'aikata, ya fitar da doka mai lamba 770 da ta hana zubar da ciki, aka kuma toshe hanyoyin samun magungunan tazarar haihuwa. A shekarar da ta biyo haihuwa ta kusa ninkawa. Daga nan ta fara gangarowa, duk da cewa daga baya har wuraren aiki ake bin mata ana duba su. Dubban mata suka mutu a hannun masu aikin ɓoye, kuma da gwamnatin ta faɗi a 1989 duniya ta ga gidajen marayu cike da yara sama da 100,000, da yawansu iyayensu na raye, ba su da abin ciyar da su ne.

Sin ta ja igiyar ta ɗaya ɓangaren. Daga wajajen 1980 ta taƙaita yawancin iyalai ga ɗa ɗaya, da tara mai karya gida, da kora daga aiki, da tilas a asibiti. An bi, domin babu yadda za a yi. Amma son ɗa namiji bai bi ba, ya nemi hanyarsa, har ƙasar ta wayi gari da maza fiye da mata da sama da miliyan 30. Da hukumomi suka ga tsofaffi na yawa matasa na raguwa, suka sassauta zuwa biyu a 2016, zuwa uku a 2021. Sai ga shi mutane ba su karɓa ba. Waɗanda aka haifa su kaɗai a gidajensu, abokansu ma haka, sun tashi suna ganin ɗa ɗaya shi ne iyali, ga tsadar gida da ta makaranta a birane. A 2022 yawan al'ummar ƙasar ya ragu, karo na farko cikin kusan shekara 60, ya sake raguwa a 2023. Gwamnatin da ta shafe shekara 35 tana cin tarar mai haihuwa ta biyu, yanzu tallafin kuɗi da ƙarin hutun jego take rabawa, tana lallashi.